HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA NE: 'YA'YANMU DA KARATU A JAMI'AR AHMADU BELLO

Jawabin da Kwamitin Ilimi ya gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga uwar ƙungiya da ta ba Kwamitin Ilimi damar tsayawa a gaban wannan taro mai albarka. An umarce mu da mu yi bayani a kan karatun 'ya'yanmu a manyan makarantu, mu kuma muka ga ya dace mu tsaya a kan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, domin a can da yawa daga cikinmu muka yi karatu, kuma ita ce yaranmu da dama suke fara zaɓa idan sun zo cike takardar neman shiga jami'a. Duk da haka, mafi yawan abin da za mu faɗa ya shafi kowace babbar jami'ar gwamnati a ƙasar nan.

Dalilin wannan jawabi

Za mu fara da wani abu da ya faru a cikinmu, ba tare da ambaton suna ba. Wani yaronmu ya sami gurbin karatu a Zariya, aka yi murna, aka yi walima, mahaifinsa da ke fatauci a kudu ya riƙa aiko da kuɗi kowane wata ba fashi. Ashe tun ƙarshen shekara ta biyu karatun ya ƙi, har aka sallami yaron saboda makinsa ya gaza. Kunya da tsoro suka hana shi faɗa wa kowa. Ya ci gaba da zama a ɗakin haya a Samaru, yana zuwa gida hutu idan ɗalibai sun zo, yana komawa idan sun koma. Sai da mahaifin ya fara shirin zuwa bikin yaye ɗalibai sannan gaskiya ta fito.

Da muka zauna muka duba lamarin, sai muka ga laifin bai tsaya a kan yaron shi kaɗai ba. A cikin waɗannan shekaru babu ɗaya daga cikinmu da ya taɓa neman ganin sakamakon jarrabawarsa, babu wanda ya taka ƙafa ya je ya ga inda yake kwana, alhali muna da 'yan ƙungiya a Zariya da Kaduna. Mun ɗauka cewa da zarar takardar shiga ta zo hannu, aiki ya ƙare. Hausawa kuwa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Saƙonmu na yau ke nan: nauyin da ke kanmu yana farawa ne tun kafin yaro ya zaɓi fannin da zai karanta, kuma ba ya sauka sai ranar da ya karɓi takardar kammalawa.

Taƙaitaccen tarihin jami'ar

An buɗe wannan jami'a ranar 4 ga Oktoba, 1962, bisa shawarar Kwamitin Ashby da ya duba makomar ilimi mai zurfi a Nijeriya gab da samun 'yancin kai. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta, Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama uban jami'a na farko. Ba daga fili aka fara ta ba, an haɗa makarantu da cibiyoyin da suke nan tun da farko ne: Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Samaru, da Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru wadda asalinta ke komawa 1922, da tashar binciken dabbobi ta Shika, da kwalejin Kano wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

A ranar buɗewa, jami'ar tana da tsangaya huɗu da sassa 15 da ɗalibai 426 kacal. Dokta Norman Alexander, mutumin Niyuzilan, shi ya fara shugabantar ta, sannan Farfesa Ishaya Audu ya karɓa a 1966 ya riƙe har 1975, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar. A yau ɗalibanta dubun-dubata ne, daga kowace jiha ta Nijeriya da ƙasashe maƙwabta. Mun kawo wannan ne don iyaye su gane cewa makarantar da ɗalibanta ba su kai ɗari biyar ba, wadda malami ya san kowa da sunansa, ta zama gari guda. Yaron da ba a bibiyarsa yana iya ɓacewa a cikinta ba wanda ya lura.

Fannonin karatu da tsawon shekarunsu

Jami'ar tana da manyan mazaunai biyu. A Samaru, kan hanyar Funtuwa, nan ne hedikwata da babban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da mafi yawan tsangayoyi: aikin gona, injiniya, kimiyya, ilimin koyarwa, harhaɗa magunguna, likitancin dabbobi, zanen gine-gine da tsara birane, adabi da harsuna, da nazarin zamantakewa. A Kongo, cikin garin Zariya, ake karanta shari'a da sha'anin mulki. Asibitin koyarwa kuwa yana Shika, inda ɗaliban likitanci suke samun horo a gaban marasa lafiya.

Ya kamata kowane uba ya san tsawon hanyar da ɗansa zai bi tun kafin ya ɗaura masa kaya. Digirin adabi da kimiyya da koyarwa da zamantakewa shekara huɗu ne. Injiniya da aikin gona da shari'a da aikin jinya shekara biyar ne. Likitancin mutane da na dabbobi shekara shida ne. Bayan haka mai shari'a yana da shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, sabon likita yana da shekara guda ta aiki a ƙarƙashin manya, sannan kowa ya yi hidimar ƙasa. Wanda ya sa ɗansa likitanci, to ya yi shirin ɗawainiyar kusan shekara takwas, idan ma ba a sami tsaiko ba.

A nan muke son jawo hankalin iyaye kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a cikinmu. Kowa so yake a ce ɗansa likita ne ko lauya. Burin ba laifi ba ne, amma guraben waɗannan fannoni ƙididdigaggu ne, domin hukumomin da ke kula da sana'o'in biyu su ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Sai ka ga yaro ya shekara uku yana maimaita jarrabawa a kan fanni ɗaya, ko kuma an tura shi fannin da bai taɓa tunani ba, ya shiga da sanyin jiki. Alhali idan muka waiwayi garinmu, abin da ya fi ƙaranci shi ne malamin lissafi da na kimiyya a sakandare, da ma'aikaciyar jinya da ungozoma a asibiti, da likitan dabbobi, da malamin gona.

Kada kuma a raina waɗannan fannoni. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ita ta fitar da irin masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga masu yawa da manomanmu suke shukawa, waɗanda sunayensu ke farawa da SAM, kamar waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa da aka fitar a 2019. A cibiyar binciken makamashi ta jami'ar aka kunna na'urar binciken nukiliya ta farko a Nijeriya a 2004. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan ya karanta koyarwa da kimiyyar haɗa sinadarai, kuma aikin malanta ya yi kafin ya shiga siyasa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman tarihi ya koyar, amma har ya rasu a 2005 ƙasar nan tana sauraren maganarsa. Kowane fanni yana ɗaukaka wanda ya riƙe shi da gaske.

Hanyoyin shiga

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shiga jami'a yana farawa ne tun ajin farko na babbar sakandare, lokacin da ake raba yara zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci. Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Ingilishi, da lissafi ga fannonin da ke buƙatarsa, a zama ɗaya ko biyu. Sai jarrabawar JAMB, wadda ake yi da kwamfuta, darussa huɗu, jimillar maki 400, Ingilishi dole ne a ciki. Mai son likitanci zai haɗa da fizik da kemistiri da bayoloji. Mai son injiniya zai haɗa da lissafi da fizik da kemistiri. Kuskure wajen haɗa darussan nan kaɗai yana iya jawo wa yaro mai ƙoƙari asarar shekara. Bayan JAMB kuma akwai tantancewar da jami'a take yi da kanta.

Tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya shi ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani. Wannan dama ce ga yaranmu, sai dai ba ta amfanar wanda bai cika ƙa'ida ba. Wanda bai dace ba a karon farko, akwai makarantar share fage ta jami'ar da ke Funtuwa, akwai kuma shirin IJMB da ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, kamar yadda takardar NCE ko difloma take yi. Muna kuma gargaɗin iyaye da su yi hattara da masu cewa a ba su kuɗi su samo gurbi. Gurbin da bai fito a shafin JAMB ba, ba gurbi ba ne, kuma matsalarsa takan bayyana ne a ƙarshe, lokacin tafiya hidimar ƙasa.

Yadda ake auna ɗalibi

Wannan shi ne sashen da muke roƙon iyaye su fi riƙewa, domin shi ne asirin da yara suke ɓoyewa. Shekarar karatu zango biyu ce. Kowane kwas yana da nauyinsa, kuma makinsa ya kasu biyu: na gwaji da aikin gida a tsakiyar zango, da na babbar jarrabawa a ƙarshe. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, mai daraja biyar. 60 zuwa 69 B ne, mai daraja huɗu. 50 zuwa 59 C ne, mai daraja uku. Wanda ya gaza 40 ya faɗi, ba shi da komai, kuma dole ya sake ɗaukar kwas ɗin a shekara mai zuwa, abin da ɗalibai suke kira kariyoba. Daga waɗannan ake fitar da matsakaicin maki na dukkan shekaru, wato CGPA, wanda ƙololuwarsa 5.00 ce. Daga 4.50 digiri ne mai daraja ta ɗaya, daga 3.50 daraja ta biyu babba, daga 2.40 daraja ta biyu ƙarama.

Ga misali don a gane nauyin shekarar farko. Ɗalibin da ke karatun shekara huɗu, idan ya gama ajin farko da 2.00, to sai ya riƙa samun 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya taɓo 3.50. Wato wasan shekara ɗaya sai an biya shi da wahalar shekara uku. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da iyakar da aka gindaya, za a yi masa gargaɗi, idan bai gyara ba a sallame shi. Saboda haka tambayar da ta dace uba ya yi wa ɗansa ita ce: nawa ne CGPA ɗinka, kuma kariyoba nawa gare ka? Ya kuma ce a nuna masa a rubuce. Amsar "karatu lafiya lau" ba ta wadatar ba.

Rayuwar ɗalibi

Waɗanda suka yi karatu a shekarun 1970 suna tuna lokacin da ake ba ɗalibi abinci sau uku a ɗakin cin abinci da ɗan tikiti, a wanke masa tufafi, ya kwana su biyu a ɗaki. Ƙarin kuɗin abincin nan ne ma ya haddasa zanga-zangar ɗalibai ta 1978, wadda aka rasa rayuka a cikinta a Zariya da Legas. Wancan zamani ya wuce. Ɗalibin yau shi ke ciyar da kansa, da risho ko ɗan tukunyar gas, da garin kwaki da shinkafa da wake da taliyar da ya taho da su daga gida.

Ɗakunan kwana irin su Amina da Ribadu da Suleiman da Akenzua da Ɗanfodiyo a Samaru, da Ali Akilu da Tafawa Ɓalewa a Kongo, ba sa isar ɗalibai duka, duk da sababbin da aka ƙara. Wanda bai sami gado ba, ko dai ya raɓa da abokinsa, ko ya kama haya a cikin Samaru ko Hayin Dogo ko Bomo. Haya tana da tsada, ga kuɗin mota, ga matsalar ruwa da wuta, ga rashin mai sa ido. Wannan ya fi zama abin damuwa ga 'ya'yanmu mata, kuma yana cikin dalilan da suke sa wasu iyaye su ƙi barin 'yarsu ta tafi, ko a cire ta karatu bai ƙare ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin da yake isar ɗalibi wata guda a da ba ya kai shi rabin wata.

Darussan ajin farko sukan tara ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya. Yaron da ya saba a sakandare malami yana bin sa da bulala, a nan babu mai tada shi da asuba, babu mai tambayarsa dalilin rashin zuwa lacca. Ga kuma wahalar Ingilishi ga wanda ya fito daga makarantar karkara. A irin wannan 'yanci ne wasu suke faɗawa shaye-shaye, ko cacar ƙwallo ta waya, ko satar amsa, wadda hukuncinta kan kai ga kora. Amma a cikin jami'ar nan kuma akwai alheri mai yawa ga mai nema: ɗakin karatu, da darussan ƙarin bayani da manyan ɗalibai suke yi wa ƙanana kyauta, da ƙungiyoyin addini da na sassa da na 'yan jiha, da wasanni, da zama da Bayarabe da Ibo da Tibi da Babarbare a ɗaki ɗaya, wanda shi kansa karatu ne da ba a samu a littafi.

Sai batun yajin aiki. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta yi yajin kusan wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Karatun shekara huɗu ya koma biyar ko shida ga waɗanda abin ya rutsa da su. Ga wanda ya shiga da ɗan girma, wannan na iya hana shi hidimar ƙasa, domin wanda ya haura shekara 30 kafin kammalawa takardar yafewa ake ba shi. Ba mu da ikon hana yajin aiki, amma muna da ikon hana 'ya'yanmu zaman banza idan ya faru.

Game da kuɗi, a 2024 Gwamnatin Tarayya ta fara ba ɗaliban manyan makarantunta rance marar ruwa ta asusun NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye tare da ɗan kuɗin ɗawainiya na wata-wata, ba a kuma fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Iyaye su zauna da 'ya'yansu su fahimci sharuɗɗansa kafin a karɓa, domin bashi ne, ba kyauta ba.

Shawarwarin kwamiti

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abubuwa shida da muke roƙon taro ya amince da su.

Na ɗaya, a buɗe rajistar dukkan 'ya'yan garin nan da ke manyan makarantu, da fanninsu da ajinsu, kowane reshe ya aiko da nasa kafin ƙarshen zangon farko.

Na biyu, kowace shekara kafin a fara sayar da takardar JAMB, ma'aikatanmu na fannoni daban-daban su zo gida su zauna da ɗaliban sakandare da iyayensu, su yi musu bayanin haɗa darussa da zaɓen fanni, a kuma koya musu amfani da kwamfuta.

Na uku, kowane sabon ɗalibi a haɗa shi da uban ɗaki daga cikin 'yan ƙungiya mazauna Zariya ko Kaduna, ɗaliba kuma da uwar ɗaki, wanda zai gan shi aƙalla sau biyu a zango, wanda kuma yaro zai iya gaya wa abin da yake jin nauyin gaya wa mahaifinsa.

Na huɗu, tallafin karatu na ƙungiya ya zama sai an nuna sakamako kafin a sabunta shi, a kuma ware kaso na musamman ga 'ya'ya mata da marayu da masu karanta koyarwa da aikin jinya da aikin gona. Wanda makinsa ya yi ƙasa kada a yanke shi nan take. A nemo dalili, a taimaka masa, ko da ta hanyar sauya fanni ne tun lokaci bai ƙure ba.

Na biyar, mu da muke birane mu buɗe wa ɗalibanmu ƙofofin ma'aikatu da kamfanoni da asibitocin da muke aiki idan lokacin koyon aiki a aikace ya zo, domin da yawa suna rasa wurin yi, su ɓata watannin a banza.

Na shida, a lokacin dogon hutu ko yajin aiki, ɗalibanmu su dawo gida su koyar a makarantun firamare da sakandare na garin nan, ƙungiya ta ba su ɗan abin sabulu. Ƙannensu za su amfana, su kuma za su san garin da ake sa ran su yi wa aiki.

Kammalawa

Iyayenmu da 'yan'uwa, yawancinmu da ke zaune a nan mun kai inda muka kai ne saboda wani ya tsaya a kanmu: wani hedimasta da ya je ya roƙi mahaifinmu, ko wani kawu da ya sayar da akuya ya biya kuɗin mota. Yau mu ne a matsayinsu. Daga Kaduna ko Kano zuwa Zariya tafiyar 'yan sa'o'i ce, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. Duk wanda yake da ɗa ko 'ya a jami'a, muna roƙonsa kafin taronmu na baɗi ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin da yaron yake kwana, ya gaisa da malamin da ke kula da ajinsa, ya ga sakamakonsa da idonsa. Idan ya tarar da alheri ya sa albarka, idan ya tarar da matsala ya sassauta fushi, domin yaron da ya san za a saurare shi ba ya ɓoye faɗuwarsa shekara biyu.

Allah ya albarkaci zuriyarmu, ya ba su ilimi mai amfani, ya ɗaukaka garinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.